Amosanin kare saƙo ne: mu saka kare da kyanwa cikin lissafin garke



A taronmu na ƙungiya da ya wuce a nan Tsauni, na ɗaga hannu na roƙi a ƙara layi biyu cikin littafin da muke rubuta dabbobin kowane gida: layin kare da layin kyanwa. Aka fashe da dariya. Wani dattijo, sa'an mahaifina, ya dube ni ya ce, "Kai yaro, mun gama da shanu da awaki ne har muka kai ga karnuka?" Na ce, "Baba, Allah ya ƙara girma, ba mu gama ba. Amma wanda ke kwana bakin garke muna barci, ai shi ma ɗan garken ne." Aka tashi ba a yanke magana ba. Shi ya sa na ga ya dace in shimfiɗa hujjata a nan, kowa ya auna ta kafin taro mai zuwa.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, don haka zan fara da laifina.

Shekara uku da suka wuce, da hunturu, ina da wani baƙin kare da muke kira Duna. Wata safiya na ga fari-fari a gadon bayansa kamar an barbaɗa masa dusa. Na ce amosani ne, iska ce, zai wuce. Bayan mako biyu bakin kunnuwansa ya yi ɓawo, gashin gwiwar ƙafafunsa na gaba ya zube, dare duka yana susa har ya hana mu barci. Wani maƙwabcina ya ce maganin abin nan baƙin mai ne. Na je wurin mai gyaran babur na cika ƙaramar kwalba, na shafe Duna tun daga wuya har wutsiya. Ya kwana yana lasar jikinsa. Washegari ya kama amai da zawo, ya daina cin abinci, fatar ta ɗaɗe ta tsattsage. Bai cika kwana bakwai ba ya mutu. A cikin watan aka shigo mana da dare aka kwance akuya biyu, ɗaya da ciki, ba wanda ya ji motsi. Yarana biyu da suka saba wasa da shi kuma suka yi kwanaki suna susar hannu da ciki.

Sai daga baya, da na samu horon mataimakin likitan dabbobi, na gane abin da na yi. Ƙazuwa ce ta kama Duna, cutar da ke warkewa. Ni na kashe shi da hannuna, kuma na biya da akuya biyu. Ra'ayina ke nan a taƙaice: fari-farin da ke zuba daga jikin kare ko kyanwa saƙo ne, kuma makiyayin da bai iya karanta shi ba yana asara ta hanyar da ba ya lissafawa.

Abin da fatar ke faɗa

Fatar dabba kullum tana saɓa a hankali, tsohuwa na zubewa, sabuwa na maye gurbinta, ba tare da ido ya gani ba. Idan ka fara ganin zubar da ido, akwai abin da ya taɓa fatar. A yankinmu na Matameye abubuwa biyar na fi cin karo da su.

Na farko hunturu da ƙishi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska na tsotse danshin jiki, mu kanmu leɓe da diddige na tsagewa. Kare da ke bin garke yini guda, ba a ba shi ruwa sai abin da ya lasa a bakin rijiya, fatarsa za ta bushe. Alamar wannan ita ce amosani mai laushi, gashi bai zube ba, susa kaɗan ce, kuma yana cin abincinsa.

Na biyu abinci. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, karnukanmu ƙanzo da ragowar tuwo suke ci, wata rana ruwan wanke-wanke. Hatsi zalla yana cika ciki, amma ba ya ba fata maiƙo da abincin gina jiki da take bukata. Akwai ma wani sinadari cikin hatsi da dusa da ke hana jiki tsotsar zink, wanda rashinsa ke sa fata ta yi kauri da ɓawo a gefen ido da baki. Ita kyanwa lamarinta ya fi tsanani, domin Allah ya halicce ta maciyar nama ce, ba ta rayuwa lafiya da tuwo kaɗai.

Na uku ƙwari: ƙuma, ƙwarƙwata, kaska, da ƙwaron ƙazuwa. Wannan na ƙarshe ido ba ya ganinsa. Macen tana haƙa rami cikin fata ta zuba ƙwai, cikin mako biyu zuwa uku ƙwan ya zama babban ƙwaro mai nasa ƙwan. Yakan fara daga bakin kunne, gwiwa, ƙirji da ciki, kuma ƙaiƙayinsa ba ya barin dabba ta runtsa. Ga gwaji mai sauƙi: murza bakin kunnen kare a hankali tsakanin yatsu biyu. Idan ƙafarsa ta baya ta fara harbin iska kamar yana susa, a yi zaton ƙazuwa sosai. Don gano ƙuma kuwa, taje gashin a kan farar takarda mai ɗan danshi. Idan baƙin ɗigo-ɗigon da ya zubo ya narke ya koma ja, kashin ƙuma ne, jinin dabbarka ne ta sha.

Na huɗu makero. Shi ba ƙwaro ba ne, dangin fumfuna ne da ke cin gashi da saman fata. Yana yin da'ira kamar kwabo, gashi ya karye, wurin ya yi toka-toka. Ya fi kama 'ya'yan kyanwa da kwikwiyo, kuma kyanwa na iya ɗauke da shi jikinta sumul, ba alama.

Na biyar tsutsar ciki. Dabba mai tsutsa tana ci ba ta ƙiba, gashinta ya dushe ya tashi tsaye, kwikwiyo ya yi tumbi.

Abu biyar, magani biyar. Wanda ya ɗauki magani ɗaya ya ce na duka ne, shi ne zai maimaita abin da na yi wa Duna.

Ina ruwan garke?

Wannan ita ce tambayar Baba, kuma tana da amsa.

Ƙumar da ke jikin kyanwa da kare ba ta tsayawa kansu. Tana hawa 'yan awaki da 'yan tumaki, kuma idan ta yi yawa tana shanye jininsu har su yi fari a ido su mutu. Mafi yawan ƙumar ma ba a jikin dabba take ba. Ƙwanta da 'ya'yanta suna cikin ƙasa da tsummokara da turɓayar da dabba ke kwanciya. Idan kare na kwana a turken 'yan awaki da sanyi, shimfiɗarsu ɗaya, ƙumarsu ɗaya.

Ƙwaron ƙazuwar kare ya fi son kare, amma yana hawa mutum ya sa shi ƙuraje masu ƙaiƙayi a hannu da ciki, irin abin da ya sami yarana. Makeron kyanwa da na maraƙi shi ma yana kama yara. Ba na cewa duk makeron da ke kan 'ya'yanmu daga dabba ya fito, yawancinsa daga kai zuwa kai yake yawo, ta aska da mataji da hula. Amma gidan da aka yi wa yaro magani aka bar kyanwar da yake runguma, an yi rabin aiki.

Akwai wata tsutsar cikin kare da ƙwanta ke fita cikin kashinsa ya zube a kan ciyawa. Tunkiya ko akuya ta ci, sai ƙululun ruwa ya fito mata a huhu ko a hanta, irin wanda mahauta ke yankewa su jefar. Wata irin kuma ƙwaƙwalwa take hawa, ka ga tunkiya na zagaya wuri ɗaya har ta faɗi. In aka jefa wa kare ɗanyen huhun ko kan, zagayen ya sake farawa. Karen da ba a duba lafiyarsa, shi ke shuka wannan a makiyayarmu.

Sai aiki. Karen da ya kwana yana susa ba ya gadi. Kyanwar da ta rame ba ta farauta, kuma kowa ya san abin da ɓera da gafiya ke yi wa rumbu da mangazar ƙungiya, inda muke ajiye dusa da harawa da tunkuza don bazara. Buhu ɗaya da ɓera ya huda ya yi fitsari a ciki ya fi kuɗin maganin kyanwa na shekara.

Abin da ba a shafawa, ba a ɗurawa

Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Waɗannan abubuwa ina roƙon mu bar su gaba ɗaya.

Baƙin mai, kananzir da gas. Suna ƙona fata, kuma kare da kyanwa da harshe suke wanka, duk abin da ka shafa musu ka ba su ne su sha. Masu cewa iyayenmu sun yi ya yi aiki, gaskiya ne mai na toshe wa ƙwaro numfashi, wani karen ya tsira. Waɗanda suka mutu ne ba a ba da labarinsu.

Maganin ƙwarin gona da fiya-fiya. An yi su ne don wake da kuɗin cizo. A jikin dabba suna kawo dalalar miyau, karkarwa da mutuwa, kuma suna shiga jikin mai shafawa.

Maganin feshin kaska na shanu a jikin kyanwa. Hantar kyanwa ba ta iya narkar da wasu magungunan da sauran dabbobi ke jurewa. Duk maganin da aka rubuta permethrin a kwalinsa guba ne gare ta, ko da na kare ne, ko da ɗigo kaɗan ne. Haka farasitamol, ƙwaya ɗaya na iya kashe kyanwa.

Garin sabulun wanki. Yana wanke maiƙon da ke kare fata, amosanin ya ƙaru.

Allurar kirdado. Ivamektin magani ne mai albarka. An samo shi daga wata ƙwayar halitta ta cikin ƙasar Japan, ya shigo kasuwar maganin dabbobi a 1981, kuma Satoshi Omura da William Campbell sun sami kyautar Nobel a 2015 saboda shi. Yana cikin abin da ya taimaki Nijar har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a Janairun 2025 cewa ita ce ƙasa ta farko a Afirka da ta kawar da makantar da ƙudan bakin kogi ke kawowa. Amma kwalbar da muke sayowa ta shanu ce, mililita ɗaya ga kowane kilo 50. Karen gida bai fi kilo 15 zuwa 20 ba, kyanwa kilo 3 ko 4. Wanda ya zuƙo da ido ya tsira musu, zai ga tangaɗi, makanta da suma. Kwikwiyo da wasu jinsunan karnukan Turai sun fi saurin faɗuwa. A bar wa wanda ya koyi awo. Kuma kwalbar da ta yini cikin rana a kan tabarmar kasuwa, ko a nan ko a Mai'aduwa, ba ka san abin da ya rage a cikinta ba. Araha ba ta ado.

Abin da ya kamata a yi

Idan amosani ne kawai, gashi bai zube ba, susa ba ta yi tsanani ba, kada ka kashe ko dala a kan allura. Ajiye kasko na ruwa mai tsabta da dabbar za ta samu dare da rana. Mu a ƙasar gyaɗa muke, ƙaramin cokali ɗaya na man gyaɗa a cikin abincin kare kowace rana ya isa, kyanwa ɗigo kaɗan. A ƙara da ɗan nono ko tsala, dafaffen ƙwai in an samu, ragowar kifi ko kayan ciki. Sharaɗin kayan ciki da kai shi ne a dafa su sosai, wanda ke da ƙululu kuma a ƙone ko a binne da zurfi. A rage zuba musu miya mai albasa da tafarnuwa da yawa, domin suna lalata musu jini. A taje su da tsohon mataji da aka ware musu. Wurin da ya tsage, kamar hanci da tafin ƙafa, a ɗan shafa man kaɗanya siriri. A ba abin mako uku zuwa huɗu, fata ba ta gyaruwa dare ɗaya.

Idan gashi na zuba, akwai ɓawo, akwai gyambo ko wari, ko susa ta hana barci, ko wani a gida ya fara susa, to lokacin kiran ma'aikaci ya yi. Kafin ya zo, a raba dabbar da yara da turken ƙananan dabbobi. A ƙone tsumman da take kwana a kai, a share turɓayar wurin. Duk wanda ya taɓa ta ya wanke hannu da sabulu.

In an fara maganin ƙazuwa, a sani cewa allurar farko ba ta kashe ƙwai. Sai an maimaita bayan mako biyu, wani lokaci har sau uku, kuma duk karnukan gidan tare. Nan ne da yawanmu ke faɗuwa: susa ta lafa, a ce ya warke, bayan wata ɗaya abin ya dawo, a ce maganin jabu ne. Makero kuwa ivamektin ba ya taɓa shi, maganinsa daban ne kuma yana ɗaukar makonni. Haka kircin shanu na damina, wanda wasu ke haɗa shi da ƙazuwa a suna ɗaya, cutarsa daban, maganinsa daban.

Gargaɗi ɗaya ya fi duk waɗannan nauyi. Karen da halinsa ya sauya farat ɗaya, yana dalalar miyau, yana cizon abin da ya samu, ko ya kasa haɗiya, kada kowa ya matso shi da sunan duba fata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, da yawansu yara. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu tsawon minti 15, ya tafi asibiti a ranar. In alamun ciwon suka bayyana a jikin mutum, an makara.

Masu cewa a'a

Na ji uzuri uku, kuma ban raina ko ɗaya ba.

Wasu na cewa kuɗin maganin awaki ma bai ishe mu ba. Haka ne. Shi ya sa mafi yawan abin da na lissafa ba ya cin kuɗi: ruwa, cokalin mai, wuta ga tsumma, da barin baƙin mai. Wanda ke cin kuɗin kuma, awon kare ɗaya bai kai na tunkiya biyu ba. Tsadar tana zuwa ne idan mutum ɗaya zai sayi kwalba guda ya kira ma'aikaci don kare ɗaya. In ƙungiya ta haɗa, abin ya zama ƙanƙani.

Wasu na cewa kare ne fa, ba a taɓa shi. Wannan magana ta malamai ce, kowa ya tambayi malaminsa. Abin da na ji daga namu shi ne an halatta ajiye kare don kiwo da gona da farauta, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi jikin kare mai rai ba najasa ba ne. Tun muna yara muke jin labarin wanda aka gafarta masa don ya shayar da kare mai ƙishi, da wadda aka azabtar don ta kulle kyanwa har ta mutu da yunwa. Wanda duk da haka ransa bai kwanta ba, ya sa leda a hannu. Dabbar da ka ajiye tana maka aiki, haƙƙinta na wuyanka.

Wasu kuma na cewa ma'aikatan ba za su kula kare ba. A nan laifin ya rabu biyu. Kamfen ɗin rigakafi na shekara-shekara ya fi mayar da hankali kan ciwon huhun shanu da annobar awaki da tumaki, kuma ya dace, domin nan dukiyar ƙasa take. Amma tsarin likitocin dabbobi masu zaman kansu na kusa da makiyaya, wanda aka fara gwadawa a Dakoro a farkon shekarun 2000 kafin ya bazu, an gina shi ne a kan abin da makiyaya ke nema. Akwai kuma reshen LABOCEL a Damagaram, inda ake binciken cututtukan dabbobi. Abin da ba mu taɓa tambaya ba, ba wanda zai ɗauko shi cikin jakarsa. In ƙungiya ta ce tana da kare arba'in da kyanwa sittin a rubuce, za a saurare ta.

Abin da nake roƙo a taro mai zuwa

Abu huɗu ne. A rubuta kare da kyanwar kowane gida cikin littafin ƙungiya. A ware rana biyu a shekara, ɗaya a farkon hunturu, ɗaya gab da damina, a kawo su a ɗaure a duba fata, a ba da maganin tsutsa, a nemi allurar rigakafin hauka ta hannun ma'aikatar kiwo ta Matameye. Kowane gida mai kare ko kyanwa ya zuba dala ashirin a asusu na daban, a sayi magani daga hannun likita, a ajiye a inuwa. Na huɗu, mu yi wa juna alkawari cewa duk wanda ya ga ɗan uwansa ya nufi kare da kwalbar baƙin mai zai riƙe masa hannu.

Mata da yara su ne suka fi sanin halin waɗannan dabbobi, su ke zuba musu abinci, su ke fara ganin sauyi. Iyayenmu mata na ƙungiya, ku yi magana a taron, kada ku bar mu mu kaɗai.

Yanzu ina da wata karya ja da na karɓo tana kwikwiya. Bara da sanyi ita ma ta yi fari-fari a baya. Na murza kunnenta, ƙafa ba ta motsa ba. Na taje ta a kan takarda, ba ja. Na ƙara mata ruwa da cokalin man gyaɗa, kafin wata ya cika gashinta ya kwanta. Ban kashe ko dala ba. Da na san wannan shekara uku da suka wuce, da Duna na nan, da akuyata mai ciki ta haihu a gidana.

Baba, in wannan ya iso gare ka, ina nan kan bakata, da ladabi. Allah ya albarkaci garkenmu, ya kai mu taron lafiya.